Daga Rumfar Albasa: Dahuwar Wuyan Rago Irin Ta Mutanen Ailan

 

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan gwari a Jos ko Kano ya ji ana ce wa dankalin turawa "airish". Dillalai na faɗa, 'yan dako na faɗa, matan gida na faɗa. Amma in ka tsayar da mutum ka ce masa mene ne airish ɗin, sai ya ce maka ai dankali ne mana. To ba sunan dankali ba ne, sunan mutane ne. Mutanen wani tsibiri ne da ake kira Ailan, yamma da Ingila, babban birninsu Dablin. Shi dankalin ma ba can ne asalinsa ba. Daga duwatsun Kudancin Amurka, wajajen Peru, Turawan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Sai dai mutanen Ailan sun rungume shi rungumar da ta sa sunansu ya manne masa, har ya biyo shi kasuwanninmu.

Yau zancen tukunyarsu zan yi muku, wato dahuwar naman rago da dankali da albasa wadda suke ɗauka a matsayin abincin gidansu, kamar yadda muke ɗaukar tuwo da miyar kuka. A bakinsu sunanta Airish sitiyu. Ni kuma wajen 'yar ƙanena na koya, wadda ke aikin jinya a can shekaru da dama. Ta zo mana hutu nan Kumasi ta dafa, na zauna kan kujera 'yar tsugunno ina kallo ina tambaya, daga baya na ci gaba da yi da kaina. Kada wani ya yi mamakin namiji mai furfura da zancen girki. Wanda ya yi shekara talatin yana bin motar albasa daga Galmi zuwa bakin teku, in bai iya ɗora tukunya ba, to masu tuwon tasha sun gama da ribarsa tun tuni.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙarancin kayanta. Nama, dankali, albasa, ruwa, gishiri, ɗan masoro. Shi ke nan asalinta. Babu mai, babu tumatir, babu tattasai, babu attaruhu, babu daddawa, babu dunƙulen magi. Ba a soya komai. Uwargidana da ta leƙa ta ga abin da aka jera a faranti sai ta ce wa yarinyar, "Ke kuwa 'yar nan, abincin asibitinku kika zo ki dafa wa Baffanki?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Umma, ki dai bari ya nuna." Da ya nuna ɗin, Umman ce ta nemi ƙari, ko da yake sai da ta barbaɗa yajinta. Zan zo kan yajin.

Dalilin ƙarancin kayan yana cikin tarihin mutanen. Talakawan ƙauye ne, akasari 'yan haya a gonakin manyan masu ƙasa, a ƙarƙashin mulkin Ingila. Tumaki suna kiwonsu ne don gashi da nono, ba don yanka ba. Ba a kai wa tunkiya wuƙa sai ta tsufa ta daina amfani, ka ga kuwa namanta ya zama igiya. Makamashinsu wata baƙar ƙasa ce da suke haƙowa daga fadama su busar, tana ci a hankali kamar busasshiyar kashin shanu, ba ta da harshen wuta mai ƙarfi. Tukunyarsu ta ƙarfe ce mai ƙafa uku. Tsohuwar tunkiya, wuta mai sanyi, tukunya ɗaya, mutanen gida da yawa: ga inda dahuwar ta samo hanyarta. Dole a daɗe ana dafawa, dole kuma dankali ya fi nama yawa nesa ba kusa ba.

Kuma ko wannan ɗin, ba kowace rana talaka ke ganinta ba. Kafin 1845 miliyoyin mutane a Ailan dankali zalla suke ci safe da rana da dare, sai ɗan nono in an samu. Ƙato mai aikin gona yakan cinye kilo biyar zuwa shida a yini ɗaya. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ganye ya yi baƙi, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, wanda aka haƙe aka adana ma ya narke. Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin ta, fiye da miliyan ɗaya kuma suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Abin takaicin, a cikin shekarun nan jiragen hatsi da shanu ba su daina fita daga tashoshin Ailan ba, domin kayan na masu ƙasa ne, talaka ba shi da kuɗin saye. Mu 'yan kasuwa mun san wannan yanayi, abinci na wucewa ta gaban mai yunwa a kan mota. A 1847 Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika musu da gudummawar fam 1,000 daga Istanbul, kuma har yau ba su manta ba. Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Har yanzu da nake wannan rubutu yawansu bai koma haka ba.

Waɗanda suka tsallaka ruwan nan sun tafi da tukunyarsu a ka, kamar yadda muka zo zango da tuwonmu da furarmu. Shi ya sa za ka iske wannan dahuwa a Niyok da Bostan da Libaful. Da na ji wannan labari sai na daina yi mata kallon abincin Turawa. Abincin baƙi ne a ƙasar wasu, masu lissafin kwabo, masu ciyar da baki goma da ɗan nama kaɗan.

To ga yadda ake yi, ga gida mai mutum shida zuwa takwas.

Nama kilo ɗaya da rabi, wuya ko kafaɗa ko haƙarƙari, da ƙashinsa. Ku kula da wannan: wuya ya fi. Kada ka bari mahauci ya lallaɓe ka da tsokar cinya, ta fi tsada kuma in ta daɗe a wuta bushewa take yi ta zama zare-zare. Wuya yana da jijiya da ɓargo, su ne ke narkewa su ba romon jiki, har in ya huce ka ga ya kama kamar an sa masa ƙaro. Ka ce a sara maka manya-manya, kowane yanki ya kai rabin tafin hannu. In akwai kitse mai kauri a rage, a bar kaɗan. Tumakin Ailan ciyawa suke ci shekara duka, suna da kitse sosai, shi ya sa su suke fama da yankewa. Namu, ko uda ne ko balami ko 'yan ƙananan tumakin kurmi da ake samu a nan Gana, in ba ragon turke ba ne, ba su da kitsen da zai dame ka.

Dankali kilo biyu. Albasa manya huɗu. Karas uku in kana so. A nan ne mutanen Ailan ke gardama tsakaninsu, wasu su ce sa karas bidi'a ce, wasu su ce kakarsu ma da shi take yi. Ni ina sawa, saboda yara da kuma ido. Wasu na ƙara tafi ɗaya na sha'ir don kauri, wasu ganyen tayim da fasili. Tayim busasshe ana samunsa a kowace kasuwa, rabin ƙaramin cokali ya isa. In babu fasili, lawashi ɗanye yankakke ya wadatar.

Kan albasa kuwa ku bar ni in yi magana, nan ne rumfata. Su can albasarsu mai bawo ruwan ƙasa ce, cikinta fari, ba ta da zafi sosai. Tamu ta Galmi ja ce, ta fi ƙarfi, kuma tana ɗan dusashe launin romo. Ba laifi ba ne, ɗanɗano ma ta fi bayarwa. In kana son romon ya fito fari tas kamar nasu, nemi farar albasa. Kuma wannan dahuwa ce da ba ta bukatar albasa mai kyan gani. Ta ƙasan buhu wadda ta ɗan matse a mota, wadda mai saye zai ɗaga ya ajiye, in dai ba ta ruɓe ba, a ɓare a yanke wurin da ya taɓu, ta yi. Narkewa za ta yi gaba ɗaya. 'Yan'uwana masu albasa, kun ji inda za ku kai ta.

A fara da naman. A zuba shi a tukunya da ruwan sanyi ya rufe shi, a ɗora. Da ya tafasa kumfa mai duhu za ta taso, a kwashe ta da ludayi har ta daina. Wasu zubar da ruwan farkon suke yi su ɗauraye naman. Ni ba na zubarwa, ina tacewa in ajiye, ruwan da nama ya shiga ba abin zubarwa ba ne a wurina.

Sai dankalin, kuma nan ne asirin yake. A fere duka, a raba shi kashi uku. Kashi ɗaya a yanka shi siri-siri kamar za a soya. Sauran kashi biyun a bar su manya, in ƙanana ne a bar su ɗungurungum, in manya ne a raba biyu. Siraran nan su za su narke su zama kaurin romo, ba a sa fulawa, ba a sa komai. Manyan su ne na ci. Dankalin Ailan mai gari ne, da ya ji wuta yake fashewa. Wanda muke samu daga Jos ko Agadas ko tsaunukan Kamaru sau da yawa mai danƙo ne, yana riƙe jikinsa, don haka a yanka na ƙasan da sirantaka sosai. Duk dankalin da ka ga fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro, a yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa a jefar. Yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki.

Yanzu jeri. A samu tukunya mai nauyi mai murfin da ke zama daram, irin ta dalma da maƙera ke zubawa ta yi daidai. Siraran dankali a ƙasa. Rabin albasa a kai. Nama a kai, a barbaɗa gishiri da masoro da tayim. Sauran albasa da karas. Manyan dankali a can sama, su zama kamar rufi. A zuba ruwan naman nan ta gefe har ya kai saman nama, kada ya haɗiye dankalin sama, su turiri ne zai dafa su. Wajen lita ɗaya ke nan, ko da ɗan ɗori. A rufe. In murfin na barin turiri, a ɗora masa dutse.

Da ta tafaso sai a rage wuta. Wannan shi ne wurin da hannunmu ya saba da akasinsa, domin mu girkinmu na wuta ne, a hura a fifita, miya na tsalle tana fantsama. Wannan kuwa so ake ka kasa kunne ka ji tana ɗan ɓul, ɓul, kamar mai gyangyaɗi. A kan gas, mafi ƙanƙantar wuta. A kan kurfoti, a kwashe rabin garwashin a lulluɓe sauran da toka, in ya yi sanyi a ƙara gawayi biyu-uku, ba tuli ba. Matashin rago awa biyu. Tsoho awa uku, wani lokacin har da rabi. In ka san tsoho ne, ka riƙe manyan dankalin sai bayan awa ɗaya ka jera su, don kada su zama fate kafin nama ya yi laushi. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, to wuyan tsohon balami ƙanen dutse ne.

Kada a juya da muciya ko ludayi. Juyawa na farfasa dankalin sama ta rushe jerin. In kana tsoron kamu, ka kama kunnuwan tukunyar da tsumma ka ɗan girgiza ta. Kada kuma a riƙa buɗewa kowane minti biyar. Bayan awa ɗaya a leƙa, in ruwa ya ja sosai a ƙara kofi ɗaya na ruwan zafi, ba na sanyi ba.

Alamar nuna ita ce ka taɓa nama da cokali ya rabu da ƙashi ba gardama. In romon bai yi kaurin da kake so ba, ɗauki dankali biyu ka murƙushe su a jikin tukunya ka girgiza. A ɗanɗana gishiri. In kitse ya taru a sama a kwashe da cokali. A watsa lawashi ko fasili, a sauke, a bar ta minti goma ta dawo hayyacinta kafin a zuba. A kwano mai zurfi ake ci, da cokali. Su suna haɗawa da wani burodinsu da ba a sa masa yis, sai soda da tsala. Mu kowane burodi mara sukari ya yi, irin dogon nan na ƙasashen Faransanci ma ya fi dacewa.

Na ce zan dawo kan yaji. Wani zai ce ai wannan farfesu ne da aka hana shi haƙƙinsa. Ba farfesu ba ne. Farfesu kayan ƙamshi ke jan ragamarsa, citta da kanumfari da kimba da barkono, nama na biye. A nan kuwa ɗanɗanon ragon kansa ake nema, da zaƙin albasar da ta narke. Shawarata, karon farko a dafa ta yadda masu ita ke yi, a ajiye yaji a gefe kowa ya sa wa kwanonsa. In ka zuba attaruhu da magi a tukunyar, abinci mai daɗi za ka samu, ban musa ba, amma wanda ka riga ka sani ne, ka yi asarar awa uku a banza. Kuma rashin yajin nan yana da ranarsa. A kowane zango akwai dattijon da haƙora suka tafi, akwai mai gyambon ciki da barkono ke tayar masa, akwai wanda likita ya ce ya rage gishiri da mai, akwai yaron da aka yaye. Yawanci sai a yi musu tukunya ta daban, ko a bar su da kunu. Wannan kowa na iya sa cokali a cikinta.

Akwai wani abin dariya game da tsada. A Ailan dankali shi ne abin talaka, nama ne na marmari. A nan Kumasi da Akara dankalin turawa daga nesa yake zuwa, har da na jirgin ruwa, shi kansa kayan marmari ne. Na Garwa da Ngaundare da na Yamai sun fi mu sauƙin samunsa. Wanda ya ga kilo biyu ya yi masa nauyi, ya sayi rabin kilo ya yanka siri-siri don kaurin, manyan kuma ya sa doya mai gari a madadinsu, amma sai saura minti arba'in a sauke, domin doya ba ta jure doguwar wuta. Na gwada, tana da daɗi. Sai dai 'yar ƙanena ta ce, "Baffa, wannan kam kada ka kira ta da sunan mutane, ka ce ta Kumasi ce." Dankalin Hausa kuwa ban ba da shawara ba, zaƙinsa na danne komai.

Lokacin da ya fi dacewa a gwada shi ne Babbar Sallah. Mun saba duk ragon layya mu tsoma shi a mai, har da wuya da haƙarƙari, su fito ƙanƙam, yara su gwagwiyi abin da suka iya su jefar da saura da rabin namansa. A bana in Allah ya kai mu, a ware wuyan tun wajen fiɗa a yi masa wannan dahuwa. Mai ba zai ƙare ba, ƙashi kuma zai fita fes. Haka samarin da ke kwana biyar-biyar a ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, ku haɗa kuɗin wuya ɗaya ranar da ba ciniki, ɗayanku ya zauna gadin wuta. Tukunya ɗaya ce, wanke-wanke kaɗan.

Ga masu 'ya'ya ko ƙanne a Ailan da Ingila, ku isar musu da wannan. Dahuwar rago ta asali ba giya a cikinta. Amma akwai wata 'yar'uwarta ta naman sa da ake zuba wa baƙar giyarsu Guinness, kuma wasu gidajen abinci na sa ta har a ta ragon, wasu kuma na fara soya naman da kitsen alade. Ga kuma zancen yanka. A tambaya kafin a ci, ko kuma a sayi wuya wajen mahautan halal, akwai su a Dablin, a dafa a gida.

Abu na ƙarshe, kwana. Mutanen Ailan na cewa ta fi daɗi washegari, kuma gaskiyarsu, dankali ya sha romo ya zauna. Amma su ƙasar sanyi ce, ga firji ba ya ɗaukewa. A zafinmu abincin dankali da nama ba ya jure zama. In akwai firji da wuta tsayayya, da ta huce a sa ta ciki, kada ta wuce awa biyu a waje, washegari a kwashe kitsen da ya daskare a sama, a ɗumama har ta tafasa sosai. In babu, a dafa daidai cikin mutanen gida, abin da ya ragu a miƙa wa maƙwabta tun da zafinsa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda. Masu tambaya kan yadda ake adana albasa a damina, na ga saƙonninku, su ne a gaba.